Tambayoyi da amsoshi kan horar da kunne da Ingilishi ta hanyar zancen tafiya da sanin ƙasa

Mafi yawan masu fara koyon Ingilishi a Tawa da kewayenta ba domin jarrabawa kaɗai suke nemansa ba. Akwai ɗaliban kwaleji da na lise, akwai ƴan kasuwa masu saro kaya a Sakkwato da Kano, akwai maniyyata Hajji da Umra, sannan ga matasan Adar waɗanda cin rani yake kai su har Akara da Kumasi. Kukansu kusan ɗaya ne: idan an rubuta suna iya lalubawa, amma da zarar an buɗe baki sai kome ya cakuɗe. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakinsu.

Na yi shekaru ina karatun Ingilishi a makaranta. Me ya sa ba na ganewa idan ana magana?

Domin abin da aka horar a aji ido ne, an bar kunne a baya. A makarantun gwamnatin Nijar ana fara koyar da Ingilishi daga ajin farko na kwaleji, wato siziyam, kuma a ajin da ya cika maƙil, inda babu na'urar sa murya, abin da ya fi sauƙi ga malami shi ne ya rubuta a allo, a kwafa, a haddace ƙa'idojin nahawu. Ɗalibi yakan fito da kalmomi masu yawa waɗanda ya san kamanninsu a takarda amma bai taɓa jin su a bakin masu harshen ba, kuma da yake da Faransanci ya fara boko, sai ya riƙa karanta su a zuci da lafazin Faransanci. Ranar da ya ji ainihin furucin, ba zai gane cewa kalmar da ya daɗe da sani ce ta wuce shi ba.

Akwai kuma abin da ya shafi tsarin harshen kansa. Hausa tana ba kowace gaɓa haƙƙinta, Ingilishi kuwa yana ɗaga gaɓa ɗaya ya danne na kusa da ita, har ƙananan kalmomi irin su "to" da "for" da "of" su kusan ɓacewa. Jimlar da aka rubuta da kalmomi takwas tana iya isowa kunne a dunƙule uku. Sai an saba da wannan dannewar ne ake fara jin inda kalma ta ƙare da inda wata ta soma.

Me ya sa za a fara da zancen tafiya da ƙasa, ba da wani fanni ba?

Maganar tafiya tana da iyaka, kuma tana maimaita kanta. Wanda ya tsaya a gaban mai sayar da tikiti ko jami'in kan iyaka tambayoyi kaɗan zai ji: daga ina, zuwa ina, yaushe, nawa, kwana nawa za a yi, me aka ɗauko. Amsoshin kuma sunan wuri ne, ko lamba, ko lokaci. Mai koyo da ya san wannan tun kafin a fara magana ya riga ya rage wa kunnensa rabin aiki, tun da ya san abin da yake farauta a cikin hayaniyar.

Dalili na biyu shi ne mutum ya riga ya san ƙasar da ake zancenta. Idan aka sa wa ɗan Tawa murya tana bayanin hanyar Yamai, yana sane da cewa za a bi ta Badagishiri da Tsarnawa a shiga Ƙwanni, daga nan Dogonduci, sai Doso. Sunayen da ya sani su ne matakalarsa, daga gare su yake kama kalmomin da ke tsakani.

Buƙatar kuma a fili take. Cikin ƙasashe 7 da suka yi iyaka da Nijar, Najeriya ce kaɗai mai aiki da Ingilishi, to amma iyakarmu da ita ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma daga Ƙwanni zuwa Illela taku kaɗan ne. Kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wanda kuma ya tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani ya yada zango a Addis Ababa ko Istanbul, zai tarar cewa Faransancinsa ba ya kai shi ko'ina a can, sanarwar da zai dogara da ita ta Ingilishi ce.

Da wane darasi ya kamata in soma?

Da lambobi, kuma a daɗe a kansu fiye da yadda ake zato, domin a nan ne kuskuren ji yake cin kuɗin mutum ko ya sa mota ta tafi ta bar shi. Babban tarko shi ne kamannin da ke tsakanin 13 zuwa 19 da kuma 30 zuwa 90. A "thirteen" da "fifteen" nauyin murya yana sauka a ƙarshe, wasalin yana da tsawo, kuma ana jin "n". A "thirty" da "fifty" nauyin yana farko, ƙarshen gajere ne. Bahaushe yana da riba a nan wadda ba kowa ke da ita ba, domin kunnensa ya saba rarrabe dogon wasali da gajere tun yana goye. Abin da ya rage masa shi ne ya san cewa a ƙarshen kalmar zai kasa kunne.

Bayan wannan sai yadda ake karanta lambobin da ba na ƙidaya ba. Lambar jirgi da ta ɗaki a masauki da ta waya ana faɗin su ɗaya bayan ɗaya, kuma sifiri yakan zama "oh", don haka ɗaki mai lamba 305 zai zo a matsayin "three oh five". Shekara ana raba ta biyu, 1960 ta zama 19 da 60. Sau da yawa 1,500 takan zo da siffar ɗari goma sha biyar. A kasuwannin Najeriya kuma idan mai kaya ya ce "two five", naira 2,500 yake nufi.

Akwai wani nauyi da ya keɓanta da mu. Mun saba lissafin kuɗi da dala da jika, inda sefa 100 take dala ashirin, sefa 500 take dala ɗari, 1,000 kuma jika guda. Wanda ya ji farashi da Ingilishi yakan juya shi zuwa Faransanci, sannan zuwa dala, kafin ya gama mai maganar ya yi nisa. Maganin wannan shi ne a riƙa rubuta lambar da alƙaluma nan take, ba tare da fassara ta zuwa kowane harshe ba. Aboki ya karanto farashi goma, ko a sa murya daga waya, mai koyo ya rubuta, a duba. Minti biyar na wannan a kowace rana ya fi awa guda ta haddar kalmomi amfani ga matafiyi. A lura kuma cewa a rubutun Ingilishi waƙafi ne yake raba dubbai, aya kuma take nuna ɓangaren lamba, saɓanin al'adar Faransanci da muka taso da ita.

Yaya batun lokaci da kwanan wata?

Mun saba da agogon awa 24 a takardu, inda ake cewa 15h ko 20h. Masu Ingilishi a maganar yau da kullum sun fi amfani da awa 12, su ƙara "a.m." daga tsakar dare zuwa tsakar rana, "p.m." daga tsakar rana zuwa tsakar dare. Waɗannan haruffa biyu ana faɗin su da sauri, kuma su ne bambancin motar asuba da motar magariba. Sai a kula da "past" da "to": ta farko tana nufin an wuce awa, ta biyu tana nufin saura. Wanda ya ji takwas kawai a cikin "a quarter to eight" ya makara da minti 15.

Kwanan wata ma yana da nasa rikici. Ranar samun ƴancin Nijar, 3 ga Agusta, mu 03/08 muke rubuta ta, haka ma mutanen Ingila, amma ɗan Amurka da ya ga wannan zai karanta 8 ga Maris, domin su wata suke gabatarwa. Ya kamata kuma a haɗa darasin lokaci da bambancin agogo tsakanin ƙasashe, tun da sanarwar jirgi da agogon wurin da ake take aiki. Agogon Nijar ɗaya ne da na Najeriya, Gana da Togo suna bayanmu da awa 1, Saudiyya da Habasha suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3.

Na iya haruffa tun ina firamare. Shin sai na sake koyon su?

Sai an sake, domin sunayen haruffan Faransanci da na Ingilishi suna yaudarar juna. Harafin E a Ingilishi ana kiran sa "i", wanda a kunnen ɗan makarantar Nijar shi ne I. Shi kuma I ana kiran sa "ai", A kuma "ei". G da J kusan musayar suna suka yi tsakanin harsunan biyu. A filin jirgi ƙofar shiga da kujera duk harafi ne da lamba, saboda haka wanda aka ce wa kujerarsa 15E yana iya zuwa neman 50I, wadda wataƙila babu ita sam.

Atisayen da ya fi dacewa shi ne mutum ya iya jero haruffan sunansa kamar yadda yake a fasfo, ya kuma gane idan wani yana jero su. Sunayenmu an rubuta su ne da tsarin Faransanci, Usman ya zama Ousmane, Umaru ya zama Oumarou, kuma jami'in da bai saba da wannan ba zai nemi a faɗa masa harafi bayan harafi.

Sunayen ƙasashe da garuruwa fa, ai ba sa canzawa?

Wasu suna canzawa ƙwarai. Jamus, wadda muka koya a aji da sunan Allemagne, a Ingilishi "Germany" ce. Ko waɗanda rubutunsu bai sauya sosai ba, irin su Masar da Aljeriya, furucinsu ya yi nisa da na Faransanci har kunne ba ya saurin kama su. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauki taswirar Afirka, a sa muryar da ke jero ƙasashe da manyan biranensu, a riƙa ɗora yatsa kan kowace ƙasa da aka ambata.

Sunan ƙasarmu ne ya fi buƙatar kulawa. Wasu masu Ingilishi suna furta shi kusa da yadda Faransawa suke yi, wasu kuma suna cewa wani abu mai kama da "Naija", wanda shi ne kuma furucin sunan kogin Kwara a bakinsu. A Najeriya akwai jihar Neja mai babban birni a Minna, shi ya sa a can akan ce "Niger Republic" idan ana nufin ƙasarmu. Kalmar ɗan Nijar da ta ɗan Najeriya kuwa harafi ɗaya ya raba su a rubuce. Matafiyi ya saba da jin duka waɗannan, ya kuma tanadi gajeriyar amsa da ta ambaci Yamai, domin sunan babban birni yakan warware ruɗanin nan da nan.

Yaya ake gudanar da zaman saurare guda ɗaya?

A zaɓi murya gajeriya, wadda ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma a ajiye rubutunta a gefe a rufe. A ce sanarwar tashin jirgi ce. Kafin a kunna, mai koyo ya ja layi huɗu a takarda: ina za a je, lambar jirgi, lambar ƙofa, ƙarfe nawa. A saurare na farko ba a rubuta kome, ana neman gane wurin da ake da kuma wanda ke magana. A na biyu a cike layukan, ko da biyu kawai aka samu. A na uku a cike sauran, ana iya tsayar da muryar bayan kowace jimla. Sai bayan wannan ne za a buɗe rubutun, a saurara ana bi da yatsa, a ja layi ƙarƙashin duk kalmar da aka sani a takarda amma kunne bai kama ta ba. Waɗannan kalmomi su ne ainihin darasin ranar, sun fi sababbin kalmomi muhimmanci. A ƙarshe a rufe takarda, a maimaita jimla biyu ko uku da baki a bayan mai maganar, ana kwaikwayon inda ya ɗaga murya da inda ya haɗiye.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe rubutu tun farko. Wanda ya yi haka karatu yake yi, muryar tana rakiya, kuma zai tashi yana jin daɗin cewa ya gane alhali idonsa ne ya yi aikin. Kuskure na biyu shi ne tsayawa kan kalmar da ba a sani ba har sauran jimlar ta wuce. A tasha ba a buƙatar kowace kalma, wanda ya kama Sakkwato da ƙarfe bakwai da lambar mota ya samu abin da ya fito nema.

Washegari a sake sauraren muryar jiya sau ɗaya kafin a shiga sabuwa. Minti 15 a kowace rana, da sanyin safiya ko bayan isha'i, ya wadatar ga mai farawa.

A ina zan samu abin saurare, ga shi kuɗin intanet yana da tsada?

Muryar Amurka ta fara shirin Ingilishi mai sauƙi a 1959, da kalmomi kimanin 1,500 da karatu a hankali, kuma darussansa suna nan a intanet da sunan VOA Learning English. Shafin BBC Learning English da na British Council suna da gajerun muryoyi tare da rubutunsu. A nemi waɗanda aka yi wa alamar A1 ko A2, su ne matakai biyu na farko cikin matakai 6 da ake auna iya harshe da su. A YouTube ana iya rage saurin magana zuwa 0.75, amma kada a mayar da hakan ɗabi'a, bayan sau biyu a koma saurin asali.

Game da tsada, murya ba ta cin megabit kamar bidiyo. Mutum ɗaya ya sauke darussa ashirin lokacin da ya samu intanet mai kyau, ya tura wa saura ta Bluetooth ko Xender, kowa ya ajiye a katin wayarsa. Waɗanda ke kusa da iyaka kuma suna kama gidajen rediyon Najeriya, inda ake karanta labarai da Ingilishi da kuma Hausa, kuma jin labarin da Hausa da farko yana buɗe hanyar fahimtar na Ingilishin.

Wane Ingilishi zan bi, na Ingila, na Amurka, ko na Najeriya?

Ga mai koyon ji, amsar tana wurin da ƙafarsa za ta taka. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Ƙwanni da Sakkwato Ingilishin Najeriya zai ji, kuma shi ne ma ya fi sauƙi ga kunnenmu domin yana fito da gaɓoɓi sarai. A ganina da shi ya kamata a fara, duk da raina shi da wasu ƴan boko suke yi, sannan a ƙara na Ingila ko na Amurka. Maniyyaci kuma zai gamu da Ingilishin Larabawa da na mutanen Indiya da Pakistan a kantuna da masaukai. Wanda ya saba da murya ɗaya tak zai rikice ranar da ya ji wata.

Abin lura shi ne Broka, wadda ake yi a tashoshi da kasuwannin Najeriya, musamman a kudu, harshe ne mai nasa tsari. Sanin ta yana da amfani a hanya, amma ba ita ake rubutawa a jarrabawar BEPC ko ta bakaloriya ba.

Ta yaya za mu yi atisayen kwatancen hanya a cikin gari?

Nan ma Bahaushe yana da jari a hannu, domin mun saba kwatance da gabas da yamma da kudu da arewa ko a cikin ɗaki. Kalmomi huɗun nan na Ingilishi suna shiga kai a rana ɗaya. Wahalar ita ce masu Ingilishi sun fi kwatance da dama da hagu, da ƙidayar kwanar da za a sha a hanya, da kalmomin kusa da, daura da, bayan, tsakanin. Waɗannan sai da motsa jiki suke zama.

Fada wuri ne mai kyau ga wannan. Yayin da shayi yake kan gawayi, a zana taswirar unguwa a ƙasa da tsinke, a sa dutse a matsayin babbar kasuwa, murfin kwalba a matsayin tasha, a nuna masallacin Juma'a da asibiti. Wanda ya fi ƙwarewa ya ba da umarni da Ingilishi, wani ya riƙa tura tsakuwa bisa abin da ya ji. Idan tsakuwa ta ƙare a asibiti alhali tasha aka nufa, kowa ya ga inda kunne ya zame, ba sai an yi gardama ba.

Daga unguwa sai a faɗaɗa zuwa ƙasa baki ɗaya. Ɗaya ya karanta gajerun jimloli kan jihohi 8 na Nijar, saura su ce gaskiya ne ko ƙarya: Agadas tana arewa da Tawa, kogin Kwara ya ratsa Yamai, Difa tana kusa da tafkin Cadi, daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne. A sa ƙarya a tsakani, kamar a ce Maraɗi tana yamma da Doso. Idan muryar daga Amurka take, za a ji mil maimakon kilomita, mil guda kuwa kilomita 1.6 ne, kuma zafin da muke kira digiri 40 su 104 suke ce masa a ma'auninsu.

Idan ina gaban jami'i kuma ban gane abin da ya ce ba, me zan yi?

Kada a gyaɗa kai. Amsa "yes" ga tambayar da ba a ji ba ita ce hanya mafi sauri ta shiga matsala a kan iyaka ko a wurin binciken kaya. A haddace jimloli uku har su zama ba sai an yi tunani ba: roƙon a maimaita, roƙon a yi a hankali, da roƙon a rubuta. Bayan haka a mayar wa mai maganar abin da aka ji da sigar tambaya, musamman lamba, a faɗe ta alƙalami bayan alƙalami, a ce ɗaya da biyar ko biyar da sifiri. Matambayi ba ya ɓata, kuma jami'an filayen jirgi sun saba da matafiya masu ƙarancin Ingilishi.

Kallon fim da jin waƙa suna taimakawa?

Suna sa kunne ya saba da kiɗan harshen, amma ga mai matakin farko sun yi sauri, kuma fassarar da ke ƙasan allo tana janye hankali zuwa ido. A ɗauke su a matsayin hutu bayan darasi.

Mahaifina zai tafi Umra kuma bai yi boko ba. Shin zai iya amfana da wannan?

Zai iya, domin ji ba ya jiran karatu, kuma dattawan da suka yi fatauci sun koyi Zabarmanci ko Yarbanci da kunne kawai. A taƙaita masa abin da zai buƙata: lambobi daga 1 zuwa 100, haruffan da ake sa wa ƙofa da kujera, sunayen Jidda da Makka da Madina yadda suke fita a sanarwa, da kalmomin fasfo, jaka, ƙofa da jira. Ɗansa ko jikansa ya ɗauki muryar kansa a waya yana faɗin kowace kalma sau biyu, ya bar ɗan shiru, sannan ya faɗi ma'anarta da Hausa, domin Baba ya riƙa ba da amsa a cikin shirun kafin ya ji fassarar. A fara wata biyu kafin tafiya, a kuma rubuta masa lambar jirgi da sunan masauki da manyan haruffa a takarda, ya ajiye ta tare da fasfo.